Aikin da Bai Bar Tabo Ba

Shekarar da zan ba ku labarinta yanzu ita ce wadda ake maganarta a gidanmu ƙasa-ƙasa, ana satar kallona. Na san abin da aka gaya muku, ku 'ya'yan Yaya Haliru, cewa bakina ne ya kama mahaifinku don in gaji limanci. Na kuma san nawa 'ya'yan sun ji, sun kasa tambayata. To ku bar ni in faɗa da kaina tun ina da numfashi. Abu na farko, wanda ba sai an matsa mini ba: na yi kishin wana. Na yi shi tun ina yawo ba wando, ina kuma yin sa yau da nake dogara sanda, shi kuwa yana kwance a maƙabartar Tambuwal ba abin da ya dame shi. Wanda bai tashi a bayan Haliru ba ba zai gane ba. Shi ne dogo, shi ne mai kwarjini, shi ne in ya shigo zaure mahaifinmu ke gyara zama. Ni ne Sambo, na biyu, wanda ake aike. Innarmu Bafulatanar Kebbe ce, ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, "wancan" take ce masa, amma kindirmon da ya fi kauri na wancan ne, in kuwa an yanka kaza na san inda hanta take zuwa. Da hukuma ta ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya makarantar boko, ba a ko zauna shawara ba, ni aka miƙa. Shi ya gaji littattafan mahaifinmu da limancin masallacin unguwarmu, ni kuwa na ƙare malamin firamare a Fakku, cikin ƙasar Kebbe, ina koya wa 'ya'yan manoma abacada a ƙarƙashin kwano mai yoyo.

Ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Sakkwato ba, lokacin da kuɗin fetur ya sa kowa ya sayi rediyo, idon Yaya Haliru ya fara wani irin lalacewa. Ba hazo ba ne, ba yana ba. Abin da ke gabansa sak yana gani sarai, amma gefe da gefe sun rufe, kamar mai leƙe ta cikin kara. In ya juyo zai daidaita sahu, na tsakiya kawai yake gani. In ya buɗe littafi, sai ya yi ta kai kansa dama da hagu yana neman farkon layi. Ya yi karo da ƙyauren zaure har ya gaji, wata rana saniya ta zo ta gefensa ta ture shi bai san da ita ba. Ga ciwon kai da ba ya jin rubutu, ba ya jin ƙwaya. Wani da ya yi karatu a gabansa, ya zama babba a ma'aikata a Sakkwato, shi ya ɗauke shi ya kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton kansa, likitoci suka ce ƙari ne ya fito a gindin ƙoƙon kai, can bayan hanci, yana danne jijiyoyin ido daidai inda suka haɗu. In an bar shi zai makance. Suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, gwamnati kuwa a lokacin ba ta jin nauyin tura mutum waje. Aka ce Ingila.

Ina aji aka aiko mini. Haliru ya san Larabci kamar ruwa, amma Turanci ko "zo" bai sani ba, dole a haɗa shi da tafinta na jini. Ranar ce ta farko da bokon da aka jefa ni ciki ya yi wa gidanmu rana. Amma ku ji halin zuciya: muna cikin jirgi, yana gefena ya dafe kai yana nishi, ni kuwa abin da ke raina shi ne, wannan mutum ko ciwo zai yi sai wanda zai hau da shi sama. Ni da na yi ciwon shawara a Fakku har idona ya zama rawaya, sabara aka dafa mini.

Likitan da zai yi aikin wani dattijon Bature ne mai sanyin magana. Ya ɗauko ƙoƙon kai na roba ya ajiye a tebur, ya buɗe shi kamar ƙwarya, ya nuna mini wani ɗan gurbi a ƙasa, ya ce nan ƙarin yake zaune. Ya yi bayani mai tsawo, Haliru yana ta juya kai yana neman fuskata.

"Sambo, mi yac ce?"

"Ya ce hanya biyu ta, Yaya. Ko a yanka ta goshi, a ɗebe ƙashi, a ɗaga ƙwaƙwalwa sannu a kai ga abin ta bisa. Wagga ta fi ba su fili su gani, amma ta fi wahal da mutum, kuma tabo na nan har abada. Ko kuma a bi ta ƙarƙashin leɓe, a shiga ta hanci, a huda ƙashin daga ƙasa a jawo shi. Sai a ɗebi ɗan kitse ga cinyarka a toshe ramin."

"Goshin da nika aza ma Allah ƙasa, shi za su fasa? A'a. Su bi ta hanci."

Likitan ya ce shi ma dama ita ya fi so ga irin wannan ƙarin. Aka bi ta hanci. Da aka fito da shi, hancinsa cushe da auduga, leɓensa a kumbure, ban ga alamar an yi wani abin kirki ba. Amma ba a jima ba, wata safiya ina zaune a gefen gadonsa ina ɓare lemo, yana kallon silin, sai ya ce mini in daina zubar da ɓawo a ƙasa. Bai juyo ba ya gan ni. Sai ya fashe da kuka, ni ma na taya shi. Kada wani ya ce muku ban yi murna ba. Na yi, har na rungumi ma'aikaciyar jinyar da ta shigo, abin da ban taɓa yi wa matata a gaban mutane ba.

Ranar sallama likitan ya zaunar da mu ya ba da sharuɗɗa. Ya ce wajen ciro ƙarin, fatar da ke riƙe ruwan da ƙwaƙwalwa take kwance a ciki ta ɗan yage, kitsen nan shi kaɗai ya tare. Kafin wurin ya kama, kada ya fyace hanci, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya sunkuyar da kai ƙasa. In toshin ya goce, ruwa fari zai riƙa ɗiga ta hanci, kuma hanyar da ruwa ya bi ya fito, ita cuta za ta bi ta shiga. Shi likitan a tunaninsa, sunkuyawa ɗaure takalmi ne ko ɗaukar abin da ya faɗi. Ni na san wanda na zo da shi. Na tashi na matsar da kujera, na yi sujada a kan dardumar ofishinsa, na ɗago na ce masa wannan mutum haka yake yi dare da rana. Na kuma kai tafin hannuna hanci na nuna masa yadda muke shaƙa ruwa mu fyace a alwala. Fuskar Baturen ta canja. Ya ce sam, ko ɗaya, sai bayan wata uku, shi ma sai likita a Sakkwato ya duba ya yarda. Haliru yana kallon wannan duka da sababbin idanunsa. Na fassara masa kalma da kalma. Da muka fito baranda sai ya tambaye ni.

"Zancen sujada, shi yaf fara, ko kai kat tambaye shi?"

"Ni nit tambaya, Yaya."

"Uhm."

Wannan "uhm" ɗin na san ta tun muna yara, amma ban ɗauke ta da nauyi ba. Ku da kuka yi karatu kun san hukuncin. Shaƙa ruwa sunna ce, mai larura ya bar ta ba komai. Wanda ba ya iya sujada ya yi nuni, sallarsa ta yi. Amma mai nuni ba ya jan masu sujada. Ma'ana, limanci ya fita hannun Haliru har ya warke, kuma a gidan mahaifinmu ba wani namiji sai ni.

Muka dawo farkon damina. Tambuwal ta fito kamar an dawo daga Makka. Kowa ya gaisa sai ya tsaya yana zagaya kan Yaya da ido, yana neman inda aka yanka. Babu. Ya cire rawani, ya cire hula, ba ɗinki ba tabo. Modi ladanin masallacinmu, wanda taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu, bakinsa kuwa ba linzami, har ɗaga masa kunne ya yi.

"To ina aikin? Kai Sambo, ko dai yawon buɗe ido kunka tafi da kuɗin gwamnati?"

Aka yi dariya. Wasu suka ce ai karama ce, wuƙar Bature ma ta ji kunyar jikin Malam. Yau na tabbata da ta goshi aka bi, da ya dawo da kai a naɗe da bandeji, da rabin gashi a aske, da ɗinki kamar na buhu, da ba mahalukin da zai ce ya tashi ya ja salla, shi ma da bai ji zai iya ba. Kyawun aikin ne ya cuce mu. Mutum yana ci, yana sha, yana karanta ƙananan rubutun gefen littafi, ba ciwon kai, sai a ce wai akwai rami a cikin kansa wanda ba wanda ya gani sai Sambo.

Na nemi hutu a makaranta na shiga gaba. Abin da ba wanda ya sani, har ni, shi ne Allah ya ba ni murya. Ina za a sani? Tunda nake ba a taɓa ce mini in karanta a bayyane ba. Haliru malami ne na gaske, amma karatunsa a bushe yake, yana ajiye aya kamar mai jera tubali. Magaribar farko da na buɗe baki, na ji masallacin ya yi tsit irin wanda ban saba ji ba. Kafin a jima mutanen wasu unguwanni sun fara ratsowa, sahu ya fita har waje, matan maƙwabta suna tsayawa jikin katanga da ludayi a hannu. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ji daɗi irin na wanda aka daɗe ana ba shi ƙanzo, ran nan aka ɗebo masa daga tsakiyar tukunya. Wannan ba laifi ba ne, ban kuma nemi gafarar kowa a kansa ba. Shi kuwa Yaya yana can ƙarshen sahu a zaune, bayansa a miƙe, yana ɗan rusunar da kai in mun yi sujada. Idon nan da aka buɗe masa gefe da gefe, da shi yake ganin yadda sahun ke ƙaruwa.

Salla ɗaya ce ta rage masa, ta gawa, tunda ita ba ruku'u ba sujada. Duk wanda ya mutu a unguwa, shi ke shiga gaba. Wata rana muna dawowa daga maƙabarta, Modi ya yi abin da taubasai ke yi, a gaban jama'a.

"An raba gado ke nan. Sambo na da masu rai, Malam na da matattu. Allah shi ba limamin gawa haƙuri, mutanenai ba su cewa amin."

Kowa ya yi dariya, har Haliru. Amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta. Tana kaɗa nono, ba ta ɗago ba.

"Sambo, wancan ya warke. Ka mai da mai abinai."

"Inna, likita yac ce sai ya cika wata uku."

"Likita da wane harshe? Wa yaj ji in ba kai ba?"

Na rantse muku, marin da ta yi mini ina yaro duk a haɗa bai kai wannan zafi ba. Na haye teku da ɗanta, na yi masa jinya, na wanke masa abin da ba a faɗa, na zubar da girmana a dardumar Bature don kada a manta da sallarsa, ashe a idonta ɓarawo ne ni da ya ga ƙofa a buɗe. Na fita na sami Yaya a zaure. Na ce in ni ne matsalar, a ba Modi ko wani dattijo ya ja, ni in koma Fakku. Ya ce bare ba zai tsaya inda mahaifinmu ya tsaya ba. Na ce to mu tafi Sakkwato, likita Bahaushe ya gaya masa da harshen da yake ji. Ya ce ba ya ciwo, me zai kai wa likita, a bari sai an yi girbi. Duk ƙofar da na buɗe ya rufe ta, don ba gaskiyar yake nema ba, wurinsa yake nema.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. La'asar ce. Na fito daga gida na same shi tsugune a bakin randar masallaci, inda kowa ke alwala da ruwan rijiya. Ya ɗebo ruwa a tafi, ya shaƙa da ƙarfi yadda na ƙofar gida ma zai ji, ya fyace. Ya sake. Ya sake. Modi ya ta da iƙama, na nufi gaba, na tarar ya riga ni hawa buzun. Na kama hannun rigarsa a gaban mutane, abin da ƙane ba ya yi.

"Yaya, don girman Allah. Wata guda yar rage."

"Koma sahu, Sambo."

Na koma. Ina bayansa daidai, ina kallon ƙeyarsa. Duk sujadar da ya yi sai in ji kamar kaina ake dannawa. Ban san me na karanta a sallar nan ba. Ya yi sallama, ya juyo, ya bi sahu da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana murmushi. Ba abin da ya same shi. Aka yi ta kabbara ana shafa hannunsa. Kashegari ma ba komai, wanshekare ma haka. Ban taɓa shiga kwanaki masu ɗaci irin waɗannan ba. Ba wanda ya ce mini maƙaryaci, amma in na zo wucewa hira ta kan tsaya. Na rasa me zan roƙa. In ya zauna lafiya, ni maƙaryaci ne har abada. In gaskiyata ta fito, da ran wana za ta fito. Na ɗaure kayana a bayan babur na koma Fakku, Inna ba ta ko raka ni ƙofar ɗaki ba.

Abin da ya faru bayan tafiyata, daga baya mahaifiyarku Rabi ta gaya mini. Ita ta fara lura cewa duk sallar da ya yi a gida, sai ta ga wurin goshinsa a buzu da ɗan jiƙo. Ruwa ne fari tas, daga hanci ɗaya, ba ya zuwa sai ya sunkuya. Ta yi masa magana, ya ce murar damina ce. A masallaci waɗanda suka gani suka ce hawayen tsoron Allah ne. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar Tambuwal ya san sunan ruwan nan, wato ni, na kuma faɗa musu tun ranar da muka sauka, amma wa zai aika a tambayi wanda aka riga aka gama da maganarsa? Aka yi ta dafa masa citta da kanumfari. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, wuyansa ya sandare, ya daina son haske, sannan aka tuna da ni. Da hantsi mai babur ya iso Fakku, ya ɗauko ni zuwa Tambuwal. Ina shiga ɗakin na ga yadda kansa ya lanƙwashe baya, na san sanƙarau ne, na kuma san ta inda ya shiga. Ban tsaya yi wa kowa magana ba. Na sami motar wani ɗan kasuwa, muka shimfiɗe shi a baya, muka kama hanyar Sakkwato.

A asibiti sun yi iyakar yinsu, allura kan allura, amma an makara. Ya cika kashegari da rana tsaka. Sauran kun sani. Gari ya ce Malam Haliru ya zaɓi sujada a kan ransa, aka yi ta sa wa jarirai sunansa. Wasu suka ce ai Sambo ya yi ta ambaton abin har ya tabbata. Inna ta rayu shekaru bayan haka a gidana, ina ci da ita, ba ta taɓa ta da zancen ba, ba ta kuma taɓa ce mini sannu ba. Na ja salla a masallacin nan har gemuna ya yi fari, har gobe kuwa sunansa masallacin Malam Haliru. Ko a mutuwa shi ya ɗauki mai kyau.

Amma akwai maganar da muka yi a motar nan, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun wuce Dogon Daji kaɗan, kansa a kan cinyata, jikinsa kamar garwashi, na riga na fid da rai zai sake gane mutum. Sai na ji ya kama yatsana.

"Sambo."

"Na'am, Yaya."

"Ashe da gaskiya likita yac ce."

"Da gaskiya na, Yaya."

Na ɗauka ya sake fita hayyacinsa. Idonsa a rufe, leɓensa a bushe. Sai ya sake magana, a hankali, ba faɗa a ciki, kamar mai kai ƙara.

"To kai ko, mi yas sa ka yi karatu mai daɗi hakanan? Da ka rage kaɗan, da na iya haƙuri."

Tun ina yaro nake jiran ranar da Haliru zai dube ni ya ji abin da nake ji in na dube shi, ko sau ɗaya. Ta zo mini a bayan motar ɗan kasuwa, tsakanin buhunan albasa. Direba yana ta fama da ramuka, bai ji komai ba. Na sunkuya zan ba shi amsa, na ga hannunsa ya saki yatsana, bai kuma sake cewa uffan ba har ya cika.